Mastas a Gaidans: aikin makaranta kaɗai ake yi da shi, ko har da asibiti?

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar. Digirina na farko a soshiyoloji ne, na yi bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata firaibet a nan Kano. Ina son in sayi fom ɗin mastas a Guidance and Counselling, wato fannin jagoranci da ba da shawara. To amma ni burina ba makaranta ba ne. So nake in yi aiki a asibiti, ko a wuraren da ake gyaran masu shaye-shaye, saboda abin da nake gani a unguwarmu ya ishe ni. Wata ƙawata ta ce min wai da wannan kwalin ko ƙofar asibiti ba za a bar ni in wuce ba. Gaskiya ne? Kar in kashe kuɗi da shekaru in dawo ina cizon yatsa.

Abu_Sadiq_Zariya:
Wa alaikumus salam. Kafin ma a je maganar asibiti, akwai shingen farko. Mastas ɗin gaidans a tsangayar ilimi yake, M.Ed ne. Galibin jami'o'inmu, ABU da BUK da ta Ɗanfodiyo a Sakkwato da sauransu, mai digirin koyarwa suke ɗauka. Wanda ya fito daga wani fanni kamar ke, yawanci sai ya haɗa da difiloma ta gaba da digiri a kan koyarwa, wato PGDE. Ki duba tallar shekarar da za ki nema, don sharuɗɗan kan ɗan sauya.

Maman_Hanifa:
Ina da PGDE, Malam, bara na gama.

Abu_Sadiq_Zariya:
To madalla, kin wuce wannan. Saura babbar tambayar, bari masu asibiti su zo.

Sister_Barnawa:
Ga mu nan. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu taɓin hankali, kuma zan gaya miki yadda aikin yake a rarrabe, don mutane na cakuɗa su. Akwai likitan ƙwaƙwalwa: wannan sai ya gama karatun likita gaba ɗaya, sannan ya ƙara shekaru yana samun horon ƙwarewa. Shi ke tantance cuta ya rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, wanda ya yi digiri a saikoloji, sannan ya yi mastas a clinical psychology. Shi ke yin gwaje-gwajen tunani, ya zauna da majinyaci mako-mako ana jinya da magana. Akwai mu nas-nas da muka ƙara kwas na musamman bayan karatun jinya. Sai kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a, masu bin majinyaci har gida, su ga dangi, su ga ko akwai mai saya masa magani.

Idan aka yi tallar aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Kaduna da Kware da Maiduguri, waɗannan guraben za ki fi gani. Mai M.Ed a gaidans ba shi da gurbi nasa a fili kamar yadda waɗancan suke da shi. Don haka ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta ɗan zafafa.

Dan_Bakin_Kasuwa:
Ni dai ban ga abin karantawa har mastas a ba da shawara ba. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma duk rigimar auren layinmu a ɗakinta ake kashe ta.

Hajja_Falmata_Mdg:
Allah ya ja kwanan kaka. Amma ɗana, a kawo mata yarinyar da ta ga an kashe mahaifinta a gabanta, wadda ko faɗuwar kwano ta ji sai ta shige ƙarƙashin gado, mu ga ko "yi haƙuri, haka Allah ya so" zai wadatar.

Maman Hanifa, ni mastas ɗin da kike magana shi na yi, kuma ban taɓa aiki a makaranta da shi ba. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijira a Borno suna ɗaukar masu gaidans da masu saikoloji da masu soshiyoloji duka, a sashen kula da lafiyar tunani da tallafin zamantakewa. Sai dai ki ji gaskiya: abin da ya mayar da ni ma'aikaciya ba lakcar aji ba ce. Sufabaizar da aka haɗa ni da ita ce. Duk ƙarshen mako sai mu zauna, in karanto mata abin da na rubuta bayan kowace ganawa. Ta tsayar da ni ta ce, "A nan da matar ta yi shiru, me kika yi?" In ce na ci gaba da ba ta baki. Ta ce, "Shirun nan nata ne, kin ƙwace mata." Haka ta riƙa yi min har na koyi zama da mutum yana kuka ba tare da na yi saurin rufe masa baki da nasiha ba. Ita ta koya min kuma in tambayi mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Da farko bakina ba ya iya furta wannan tambayar, gani nake kamar ni zan sa masa abin a rai.

A jami'a mun karanta ra'ayoyin manyan masanan fannin, irin su Carl Rogers da Albert Ellis da Aaron Beck, mun haddace, mun ci jarrabawa. Amma firaktikal ɗinmu 'yan makonni ne a wata sakandare, kuma wanda aka ce zai duba mu leƙowa kawai ya yi ya sa hannu a littafi.

Malam_Gaidans:
Hajja ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni kuma ɓangaren makarantar nake, bari in faɗa wa Maman Hanifa abin da take gudu, wataƙila ma ta ƙara gudu.

Manufar ilimi ta ƙasa tun ta 1977 ta ambaci samar da masu ba ɗalibai shawara a makarantu. Tsarin 6-3-3-4 ma da shi aka gina shi, don a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare ne ake raba yara, wannan kimiyya, wannan adabi, wannan kasuwanci, wannan fasaha. A takarda ke nan. A zahiri, ranar da na kai takardar kama aiki, firinsifal ya duba ya ce, "Alhamdu lillahi, dama ba mu da malamin Civic." Aka jibga min azuzuwa. Ofishina teburi ne a lungun ɗakin malamai, kusa da inda ake ajiye bokitin ruwa. Ki gaya min wace yarinya ce za ta zo nan ta ce min kawunta na taɓa ta, malamai takwas na zaune suna cin gyaɗa suna sauraro?

Kuma duk yaron da ya yi laifi sai a ce a kai shi wajen malamin gaidans. Har yara suka ɗauka ni ne mai bulala. Sai da na roƙi a ba ni tsohon sito, na share da hannuna, na sa kujeru biyu da labule, sannan yara suka fara zuwa da ƙafarsu.

Duk da haka ba na raina aikin. Akwai yarinyar da take son likitanci tun tana ƙarama, ta shiga aji ɗaya na babbar sakandare ta ajiye Physics saboda ƙawayenta sun ce malamin mugu ne. Ba wanda ya gaya mata cewa JAMB ta likitanci Turanci ce da Physics da Chemistry da Biology. Allah ya sa na gani a fom tun zangon farko, aka mayar da ita. Da sai a aji uku za ta sani, lokacin bakin alƙalami ya bushe. Irin wannan asarar kullum ana yin ta a makarantun da ba kowa a wannan kujerar.

Ummi_K:
Wallahi ni aka yi wa wannan. Sai wajen rajistar JAMB mai shagon kwamfuta ya gaya min darussana ba su dace da kwas ɗin ba.

Abu_Sadiq_Zariya:
Malam Gaidans, kukanka gaskiya ne, amma ai yanzu akwai doka. A 2022 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara, Counselling Practitioners Council of Nigeria. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, CASSON, wadda take tun shekarun 1970, ta daɗe tana neman wannan. Manufar ita ce a yi rajista, a san wane ne ƙwararre, wane ne ɗan ta-ci-barkatai. Sannan a farkon 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar zamanin Turawa ta 1958.

Malam_Gaidans:
Allah gafarta Malam, dokar na nan, ni ma ina nan ina koyar da Civic.

Dr_Saikoloji_Jos:
Bari in shigo, don ina ganin za a ba baiwar Allah nan ƙwarin gwiwar da zai iya cutar da wani. Hajja Falmata ta dace da sufabaiza ta gari, amma ba kowa ke dacewa ba. Abin da Maman Hanifa ta ce tana so shi ne masu shaye-shaye. Wannan ba wasa ba ne. Mutumin da jikinsa ya saba da tiramol, in ya daina rana ɗaya, akwai ciwon jiki da gumi da rashin barci, wani har jijjiga. Mai shan giya sosai kuwa, yankewar farat ɗaya na iya kashe shi. Sau da yawa kuma shaye-shayen rufi ne, a ƙarƙashinsa akwai ciwon damuwa, ko ciwon da ke sa mutum jin muryoyi. Wanda bai zauna a asibiti ya ga waɗannan da idonsa ba, zai yi wata shida yana yi wa yaro nasiha alhali magani yake buƙata.

Manhajar M.Ed an tsara ta ne a kan ɗalibi: zaɓen sana'a, dabarun karatu, fargabar jarrabawa, matsalolin balaga. Ku duba kundayen binciken da ake rubutawa a sashen, kusan duk a kan 'yan sakandare ne. Wannan ba aibi ba ne, abin da aka gina shi a kai ke nan. Mastas ɗinmu kuma dole sai ka yi zaman asibiti, ka koyi ɗaukar tarihin majinyaci, ka koyi gwaje-gwaje, ka gabatar da majinyaci a gaban manya su yi maka tambayoyi har ka ji gumi.

Shawarata: in asibiti take so da gaske, ta nemi jami'ar da ke da sashen saikoloji, irin Jos ko Ibadan ko Nsukka, ta tambaya ko suna da difilomar da mai soshiyoloji zai bi ya shiga. Hanyar ta fi tsawo, amma ita ce hanyar.

Hajja_Falmata_Mdg:
Dakta, ban musa maka ba, amma ku nawa ne? A ce duk mai damuwa a Arewa sai ya jira masanin saikoloji na asibiti, ai sai ya mutu a layi. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta fito da tsarin mhGAP don a horar da ma'aikatan da ba ƙwararru ba su riƙa gane matsalar su taimaka, abin da ya fi ƙarfinsu su tura gaba. Ni na san iyakata. Da na ga mutum yana magana shi kaɗai, ko ya kwana uku bai runtsa ba kuma bai gaji ba, takardar turawa nake rubutawa.

Dr_Saikoloji_Jos:
To ai ke kin san iyakarki, Hajja. Tsorona waɗanda ba su sani ba. Ki shiga Facebook da TikTok ki ga masu kiran kansu ƙwararru a gyaran aure da lafiyar tunani bayan kwas ɗin mako biyu a intanet.

Ustaz_Abul_Khair:
Ina bin muhawarar tun ɗazu, ban ji wanda ya ambaci Alƙur'ani ba. Yawancin abin da kuke kira ciwon damuwa raunin zikiri ne, wani kuma shafar aljanu ce. Muna da ruƙiya, muna da malamai. Me ya sa sai ra'ayoyin Turawa?

Sister_Barnawa:
Ustaz, ba wanda ya hana addu'a. Majinyatanmu da carbinsu suke kwance, 'yan uwa na kawo musu zamzam da tofi, ba ma hanawa. Abin da ke ƙona min rai shi ne a kawo mana mutum bayan shekara biyu ana yawo da shi, ƙafafunsa duk tabon mari. Ka tuna gidajen marin da aka bankaɗo a Kaduna da Katsina a 2019, da halin da aka samu mutane a ciki. Mai farfaɗiya ma aljanu ake cewa, alhali ƙwaya ce zai riƙa sha ya koma makaranta.

Ustaz_Abul_Khair:
Gidan mari daban, ruƙiyar shari'a daban, 'yar uwa. Kar a haɗa. Amma na yarda akwai wanda asibiti ne maganinsa, ni ma nakan tura.

Maman_Hanifa:
Ustaz, ni ma da a ce za a samu malaman Islamiyya su yi irin wannan karatun, da an huta. Mutanenmu wajen malam suke fara zuwa kafin kowa.

Bahaushe_a_Ohio:
Bari in ba ku yadda ake yi a nan Amurka, don kalmomin da Maman Hanifa ta yi amfani da su, makaranta ko asibiti, a nan reshe biyu ne na mastas ɗaya. Ana shiga tare, a yi darussan tushe tare, sannan a rabu: wasu su bi layin makaranta, wasu layin lafiyar tunani na asibiti. Akwai hukumar tantance kwasa-kwasan, CACREP. Kwas ɗin da ta amince da shi kiredit 60 ne, da firaktikal na awa 100, da kuma zaman koyon aiki na awa 600, a ciki dole a ƙirga awannin da ka zauna ido da ido da mai neman taimako. Kuma ko ka gama ba ka isa ka buɗe ofis ba. Sai ka ci jarrabawar lasisi, ka yi aiki a ƙarƙashin wani na kusan shekara biyu, jihohi da yawa awa 3,000 suke nema. Lasisin kuma na jiha ne.

Har ɗaukar ganawarka ake yi a bidiyo, da izinin mutumin, a kunna a aji kowa ya ga yadda ka katse shi ko ka yi ta kallon agogo. Abin da Hajja ta samu bisa sa'a, a nan dole ne. Amma kar wani ya ji wannan ya ɗaura niyya bai yi lissafi ba: kuɗin makarantar ba na wasa ba ne, tallafi a matakin mastas kaɗan ne, kuma lasisin nan ba ya bin ka gida.

Dan_Bakin_Kasuwa:
Awa dubu uku! Ai gara in ci gaba da sayar da atamfa.

Issoufou_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan tsarin Faransa muka gada, mai son wannan aikin saikoloji yake karantawa, akwai sashen a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, lisans sannan mastar. Amma maganar Malam Gaidans kamar a makarantunmu ya zauna. Yaro ya ci BEPC, wato jarrabawar gama ƙaramar sakandare, a tura shi seri A (adabi) ko C ko D (kimiyya) bisa makinsa, ba mai zama da shi ya ji me yake so.

Anti_Rabi_Mai_Ritaya:
'Yata Maman Hanifa, ni na yi ritaya daga wannan aikin, a makarantar 'yan mata ta kwana na ƙare. Kin ce shaye-shayen unguwarku ne ya dame ki, shi ya sa kike son asibiti. To ina tambayarki, waɗannan yaran a ina suka fara? Binciken da aka yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne a ƙasar nan suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma a cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Ni kuwa tun kafin nan nake tsintar kwalaben a bayan ɗakin kwanan ɗalibai.

Wadda ta fara a aji biyu, in akwai wanda ta yarda da shi a makaranta, ana iya tare ta tun ba ta yi nisa ba. Wanda ya isa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko hannun hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kuwa, an riga an sha wahala. Kar ki ɗauka aikin makaranta cike fom ɗin JAMB ne kawai.

Abu ɗaya zan gargaɗe ki: riƙon sirri. Za a koya miki a aji kamar abu mai sauƙi. Ranar da shugabar makaranta ta kira ki ta ce, "Me yarinyar nan ta gaya miki?", ga uwar yarinyar zaune tana huci, ranar za ki san karatun. Ni nakan gaya wa yarinya tun kafin ta buɗe baki: duk abin da kika faɗa a nan zai tsaya, sai fa in ranki ko na wani yana cikin haɗari, ko ana cutar da ke, wannan dole in nemo wanda zai taimaka, kuma zan gaya miki kafin in yi. Na sha ɓatawa da shugabanni a kan wannan. Ɗaya har ta rubuta min takardar tuhuma.

Malam_Gaidans:
Anti, Allah ya saka. Ni har yau ana ce min ina ɓoye wa hukumar makaranta bayanai.

Ummi_K:
Don Allah tambaya a gefe: albashin fa? Mai mastas ɗin nan ana ƙara masa wani abu a gwamnati?

Malam_Gaidans:
A inda nake, tsarin albashin malamai nake bi kamar kowa, kuma sai da rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista. Masu samun kuɗi su ne na ƙungiyoyin agaji, su ma kwantiragi ne.

Hajja_Falmata_Mdg:
Kwantiragin ma in masu ba da tallafi suka janye, shi ke nan. Mun gani da idonmu a 2025 da Amurka ta dakatar da kuɗaɗen agaji, abokan aiki da yawa suka koma gida.

Maman_Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gaskiya kun ƙara rikita ni, amma rikicewa mai amfani. Jos ta yi min nisa, ga yara ga maigida, ba zan iya barin Kano shekara uku ba. Maganar Anti Rabi kuma ta tsaya min a rai. Abin da nake tunani yanzu: in yi M.Ed ɗin a nan, amma in nemi a tura ni firaktikal wurin masu shaye-shaye maimakon sakandare. Ana yarda da haka?

Abu_Sadiq_Zariya:
Ya danganta da sashen da kuma mai kula da firaktikal. Ki je da kanki kafin ki sayi fom, ki samu ɗaliban da ke shekarar ƙarshe, ba malamai ba. Ki tambaye su ina aka tura su, sau nawa aka zo duba su, kuma waɗanda suka shiga tare da su mutum nawa suka kare kundinsu. Amsar nan ta fi duk abin da ke cikin talla.

Dr_Saikoloji_Jos:
Ko an yarda, ki tabbatar akwai likita ko masanin saikoloji a wurin da zai riƙa duba aikinki. In babu, kallo kawai za ki je yi. Kuma ina nan a kan bakana, wannan ba zai sa a ɗauke ki a gurbinmu ba.

Hajja_Falmata_Mdg:
Ba gurbinku take nema ba, Dakta, yaran unguwarsu take nema.

Sister_Barnawa:
Da digirinki na soshiyoloji ma, kin duba mastas a social work, wato karatun ma'aikatan jin daɗin jama'a da na ambata? Su suna da gurbi a asibiti, kuma su ke bin yaran har gida. Ban ga wanda ya kawo wannan ba tun ɗazu.

Maman_Hanifa:
Kai, Sister, wallahi ban taɓa kawo shi a raina ba. Akwai wanda ya yi shi a zauren nan?

Dan_Bakin_Kasuwa:
Ku dai in kun gama karatun ku zo kasuwa, rabin masu shagon layinmu ba sa barci saboda bashi.